Tsakanin Ƙaddamarwa Da Ɗaukar Fasinja: Nazarin Sababbin Taragun Legas Daga Gusau

Ranar 24 ga Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na jirgin ƙasan cikin garin Legas da ake kira Blue Line. Kilomita 13 ne daga Marina zuwa Mile 2, da tashoshi biyar. An ga taragu sababbi ƙal, manya sun shiga sun zauna, an ɗauki hotuna. Amma talakan Legas bai sa ƙafa a ciki da kuɗinsa ba sai ranar 4 ga Satumba, wata 7 da kwana 11 bayan biki. A ranar ma, jirgin da aka ƙera don ya yi tafiya da lantarki, kan jirgi mai shan dizal ne ya ja shi, sawu 12 kacal a yini. Sai da aka ƙara mako shida, aka tsayar da zirga-zirga na ƙarshen mako guda aka koma kan lantarki, sannan daga 16 ga Oktoba sawun ya tashi zuwa 54.

Mai karatu a Gusau ko Ƙauran Namoda zai iya cewa ina ruwanmu da jirgin Ikko, mu da muka daɗe rabonmu da jin kukan jirgi a tasharmu. Ruwanmu na nan. Tun 1929 dogo ya iso Ƙaura daga Zariya, ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, shi ya yi ta kwasar gyaɗa da audugar ƙasar nan zuwa bakin teku, kuma garin Gusau kansa da albarkar tasha ya bunƙasa. Ƙarfen na nan kwance har yau, wani wuri yashi ya binne shi, wani wuri an kafa rumfa a kansa. Ga shi kuma a watan Maris na 2023 an sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya fitar da harkar jirgin ƙasa daga hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai, jiha ma ta samu damar yin nata. Ba abin mamaki ba ne wata rana mu wayi gari a ce za a kawo taragun da za su riƙa jigilar ɗaliban kwalejin fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, da ma'aikata, da 'yan kasuwa, tsakanin Ƙaura da Gusau da Tsafe. Kafin wannan rana ta zo, ina son a samu mutane a jihar nan da suka san abin da ake yi wa tarago kafin a ɗora masa rayukan bayin Allah, waɗanda za su iya bambance jiran da yake aiki ne da jiran da yake wasa da hankali.

Maganar jirgin cikin gari a Legas tsohuwa ce. Gwamna Lateef Jakande ya fara ta a 1983, sojoji suka soke a 1985. A zamanin Gwamna Babatunde Fashola aka shiga aikinta gadan-gadan ƙarƙashin hukumar sufuri ta LAMATA, aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar ginin layi, da fatan gamawa a 2011. Kashin farko bai tsaya ba sai ƙarshen 2022. Wannan jinkirin gini ne da kuɗi, mu bar shi nan. Taragu ne abin dubawarmu.

Da farko ba sababbi aka nufa ba. Kamfanin Eko Rail, wanda aka shirya zai gudanar da layin, ya ƙulla cinikin tsofaffin taragun jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Toronto a Kanada. Sai dai faɗin dogon Toronto milimita 1,495 ne, na Legas kuwa 1,435, wato ma'aunin da akasarin duniya ke kai. Milimita 60 ce tsakani, tsawon ƙaramin yatsa, amma ta isa ta hana tarago zama a kan dogo. Dole a sake wa kowane ɗaya ƙafafu, a sabunta cikinsa. An kai wasu Amurka don gyara, ba su taɓa ganin Legas ba, a 2015 aka yanyanka su aka sayar a matsayin ƙarfe. Aka koma ga sababbi daga masana'antar CRRC da ke Dalian a Sin, kowane jirgi tarago huɗu.

Gwajin sabon tarago, a ko'ina ake bin ƙa'ida, tun a masana'anta yake farawa, kuma mai saye ne ke tura injiniyoyinsa su tsaya a kai. Akwai gwajin da ake yi wa na farko kaɗai don a tabbatar ƙirar kanta ba ta da aibi: a matse gangar jikinsa da inji a ga iya abin da za ta jure, a auna ƙara, a auna girgiza. Akwai kuma wanda ake yi wa kowane tarago ɗaya bayan ɗaya, komai yawansu. Ana ɗora shi a sikeli a ga nauyin da ke kan kowace ƙafa, domin ƙafar da ta fi 'yan'uwanta sauƙi ita ce ke hawa kan dogo ta fice a kwana. Ana shigar da shi rumfar da ke feso ruwa ta kowane gefe a ga ko rufi ko taga na yoyo. Ana buɗe ƙofofi ana rufewa, a sa wani abu a tsakani a ga ko ƙofar za ta ji ta saki, a kuma tabbatar jirgi ba zai motsa ba muddin akwai ƙofa a buɗe.

Daga nan sai teku. Tarago zai yi makonni ɗaure da sarƙa a jirgin ruwa yana shan iska mai gishiri. A tasha a ɗaga shi da inji, a ɗora a doguwar tirela, a ratsa titi da shi, a sauke a kan dogo. Kowane ɗagawa da saukewa na iya kwance noti, ko tsinke waya, ko lanƙwasa bututun iska. Shi ya sa akasarin abin da aka auna a can sai an sake auna shi a inda zai yi aiki. Wanda ya taɓa sayen sabon babur a kwali a Gusau ya san wannan. Makaniki zai haɗa, ya bi kowane noti ya ɗaure, ya ce maka Alhaji kada ka sakar masa wuta sai inji ya saki, kuma ka dawo a juye baƙin mai. Babur ke nan. Jirgi mai tarago huɗu ɗaruruwan mutane yake ɗauka a sawu guda.

A tsaye ake fara gwada shi cikin gareji: batir, fitilu, kwandishan, lasifikar sanarwa, matsin iskar birki, wayoyin da suka haɗa tarago da tarago. Sai a fito da shi sannu a hankali, da gudun da mutum zai iya bi a ƙafa, ana duban gefe da sama. Zai goge dakalin tasha? Ratar da ke tsakanin ƙofa da dakali ta yi faɗin da ƙafar yaro za ta zurma? Akwai wata sanda ko akwatin waya da ya shigo hanyarsa? In an wuce nan lafiya, a riƙa ƙara gudu mataki-mataki.

Uwa uba birki. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, kuma inda suke taɓa juna bai wuce faɗin kwabo ba. Wannan ne ya sa jirgi ke jan kaya mai yawa da ƙarfi kaɗan, shi ne kuma ya sa tsayar da shi ke da wuya. Jirgin cikin gari da ke gudun kilomita 80 a sa'a, ko birkinsa lafiya lau, a tsayawa ta yau da kullum yana buƙatar kusan mita 250 kafin ya tsaya cak. Ana gwada shi fanko, a sake gwadawa bayan an loda buhunan yashi ko jarkokin ruwa daidai nauyin fasinjoji, har zuwa lissafin cunkoso na mutum 6 zuwa 8 a tsaye a kowane murabba'in mita. Ana jiƙa dogo da ruwa, wani lokaci har da sabulu, don ya yi santsi, a ga ko na'urar da ke hana ƙafa kullewa tana aiki. In ba ta yi, ƙafar za ta ja a kan dogo ta cinye ta gefe guda, daga ranar kuma bubbuga dogo za ta riƙa yi, tana lalata kanta tana lalata shi. Ana kashe birkin wani tarago da gangan a ga ko sauran za su iya tsayar da jirgin. Jirgin lantarki kuma birki iri biyu gare shi: akwai na injin da ke juya ƙafafu, wanda kan koma janareta ya riƙe su, akwai na matsewa. Yadda ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki sai an saita shi da kyau, in ba haka ba tsohuwar da ke tsaye za ta riƙa faɗawa kan na gabanta a kowace tasha.

A nan lamarin Blue Line ya zama abin nazari, domin gwajin injin tarago da birkinsa na lantarki ba ya cika sai da wuta a layi. Blue Line ba ta wayar sama yake shan wuta ba. Akwai dogo na uku a gefen biyun da ƙafafu ke bi, ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 750, tarago na gogarsa da wani takalmin ƙarfe. Irin wannan wuta ba a sakinta sai an killace layi an hana mutane tsallakawa, kuma LAMATA ta yi ta jan kunnen jama'a a kan haka. Sai an gwada wuraren rarraba wutar, an ga abin da zai faru in jirage biyu ko uku suka tashi lokaci guda, an tabbatar wutar ba ta rikita sigina. Taragu sun iso, gini ya tsaya, wuta ba ta gama haɗuwa ba. Hukuma tana da hanya biyu a gabanta: ta ci gaba da rufe layin, ko ta sa kan dizal ya ja. Ta ɗauki ta biyu.

Akwai kuma matakin da ya fi kowane ɓata wa jama'a rai. Jirgi yana bin jadawali kamar da gaske, yana tsayawa a kowace tasha, yana buɗe ƙofa ga dakali wayam, ba kowa a ciki sai ma'aikata. Kwangila takan ƙayyade kilomitocin da kowane jirgi zai yi ba tare da matsala ba, kuma a wasu kwangilolin in babbar matsala ta taso a tsakiya lissafi daga farko zai koma. Mutumin da ya yi sa'a biyu a cunkoson titi, ya ɗaga kai ya ga jirgi na wucewa fanko a kan gada, ba laifi in ya yi tsaki. Amma kayan da suka fito masana'anta da lahani a makonnin farko suke nuna kansu, gara su nuna da buhun yashi a ciki. A wannan lokaci ne kuma ake atisayen abin da ba a fata: yadda za a sauko da fasinjoji in jirgi ya mutu a saman gada, yadda wani jirgi zai jawo ɗan'uwansa, wanda zai kashe wutar layi da cikin daƙiƙa nawa.

A ganina shawarar jan jirgi da dizal tana da hujja. Sawu 12 kaɗan ne, amma ya ba ma'aikatan tasha da masu duba katin biyan kuɗin shiga na Cowry da masu gadi damar koyon aiki da mutane na gaske tun taron bai yi yawa ba, ya kuma rage wa wasu wahalar titi. Abin da ban yarda da shi ba bikin Janairu ne. An yi shi wata guda kafin zaɓen 25 ga Fabrairu, a kan aikin da ke da sauran tafiya. Irin wannan biki yana sa mutane su ɗauka an gama. Daga nan kowane mako na gwaji ya zama abin zargi, injiniyan da ya ce a dakata ya zama shi ne mai hana ruwa gudu, kuma matsin da ke sa a tsallake gwaji daga nan yake fitowa. Legas dai ta jure surutu ta jira, wannan kuwa abin yabo ne.

Da aka zo layi na biyu, Red Line, mai kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, haka aka maimaita. Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar ranar 29 ga Fabrairun 2024, aka buɗe wa kowa ranar 15 ga Oktoba, bayan an yi makonni ana ɗaukar rukunin mutanen da aka gayyata don gwaji. Wata bakwai da rabi. Abin da ya faru sau biyu a jere ya wuce a kira shi tsautsayi. Ƙarasa haɗe-haɗe da gwaji lokaci suke ci, kuma da an faɗa wa jama'a haka ƙarara tun ranar biki, da abin da za a yi wata-wata, da rabin zargin bai taso ba.

Wanda ke son ganin abin da sakaci da awo ke jawowa ya dubi Afirka ta Kudu, wadda faɗin dogonta ɗaya ne da namu na Gusau. A 2015 ta bayyana cewa kawunan jirgi 13 da hukumar jiragen ƙasan fasinja ta ƙasar, PRASA, ta karɓa daga cikin 70 da ta yi oda, ƙirar Sifen, masu suna Afro 4000, tsayinsu milimita 4,140 ne, alhali iyakar da aka sa wa irinsu 3,965 ce. Injiniyoyi sun yi gargaɗin za su iya kusantar wayoyin lantarki na sama. Kwangilar ta rand biliyan 3.5 ce, kotu ta soke ta a 2017. Milimita 175, abin da tef ɗin tela zai gano tun aiki yana kan takarda.

To mu dawo gida. Dogonmu ƙarami ne, milimita 1,067. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, da na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, duk 1,435 ne. Taragon da ke tashi daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa Abuja ba zai taka Gusau ba. Don haka duk wanda ya tsaya a gabanmu ya yi alkawarin tarago, tambayar farko ita ce ranka ya daɗe, na wane dogo? In na ƙarami ne, yaushe aka gyara dogon? In na babba ne, ina kuɗin sabon layi?

Gwada tarago a kan dogon da bai gyaru ba ɓata lokaci ne. Akwai gadoji da kwalbatoci tun na zamanin Turawa, kowace da iyakar nauyin da za ta ɗauka, sai an bi su ɗaya-ɗaya. Ruwan damina yana cinye ƙasa a ƙarƙashin dogo, a gan shi a miƙe alhali a iska yake. Ga zafi. Ƙarfe yana miƙewa da sama da milimita ɗaya a kowace mita 100 in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, kuma a watan Afrilu, lokacin da iska ke haura digiri 40, ƙarfen da ke kwance a rana ya fi haka nesa ba kusa ba. In ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba, lanƙwashewa yake yi da tsakar rana. Kwandishan ɗin da ya ci gwaji a garin bakin teku bai san bazararmu ba. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, tana shiga hanyar da ƙofa ke zamewa ta hana ta rufuwa. Taragon da za a karɓa a Zamfara ya kamata ya ga bazara ya ga damina ya ga hunturu yana ƙarƙashin garanti, wato shekara cur ita ce mafi ƙaranci. Lodin gwaji ma a yi shi irin namu, domin fasinjanmu ranar kasuwa da buhun gero da masara yake shiga, nauyin kuma bakin ƙofa yake taruwa.

Abin da ya fi damuna mutane ne. Akwai samari da 'yan mata a Gusau da ba su taɓa ganin jirgi yana ratsa gari ba. Ɗan acaɓa ya saba tsallaka dogo ko waiwaye babu, makiyayi ya saba kora shanu ta kai, mai rumfa ya ɗauki wurin nasa ne. Watannin gwaji su ne lokacin da gari ke sake koyon zama da jirgi: a gwada ƙaho da fitila, a sa masu tsaron mararraba, a shiga masallatai da makarantu da gidan rediyo a faɗa wa jama'a cewa direban jirgi ko ya gan ka ba zai iya tsayawa nan take ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kuma tsaro, wanda ba za mu yi kamar babu shi ba. A wasu ƙasashe da dare ake yawan gwaji, lokacin da layi ba kowa. A hanyar Tsafe ko ta Ƙaura dare ba na fita ba ne, sai an tsara gwajin da rana tare da jami'an tsaro. Tun harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya sa aka rufe layin har 5 ga Disamba, ya zama wajibi a gwada rediyon direba a kowace kilomita, a tabbatar babu dajin da zai shiga maganarsa ta yanke da ofis.

Jiha mai ƙaramin aljihu irin tamu, mai yiwuwa na hannu za a tallata mata, ko wanda ya daɗe a ajiye. Legas ma a 2022 ta sayi jirage biyu ƙirar Talgo da aka yi wa jihar Wisconsin ta Amurka, suka yi kusan shekara goma ba su ɗauki fasinja ba. Sayen irin wannan ba aibi ba ne. Amma roba tana bushewa, batir yana mutuwa, giris yana daskarewa ko ba a taɓa motsa tarago ba, don haka bincikensa ya fi na sabo tsanani, kuma labarin taragun Toronto ya isa ya sa a fara da awo kafin a biya ko kwabo.

Duk wannan aiki a takarda ɗaya yake ƙarewa, takardar karɓa. Ranar da mai saye ya sa mata hannu, tarago ya zama nasa, garanti ya fara ƙirga. Kwangila mai kyau kashi-kashi take biya: wani in an gama ƙira, wani in an sauke a tasha, wani in an ci gwaji, a riƙe wani sai garanti ya ƙare. Muddin akwai kuɗin mai ƙera a hannunka, kiranka ɗaya zai turo injiniya. In ka biya duka don a yi sauri a yi biki, kai za ka riƙa binsa. Wanda zai sa hannun nan ya zama injiniyan da ya san aiki, wanda ba ɗan kwangila ke ciyar da shi ba, kuma a bar shi ya rubuta duk lahanin da ya gani, a liƙa wa takardar da ranar da za a gyara kowane. Majalisar dokokin jiha tana da ikon neman ganin wannan jeri, 'yan jarida su ma su nema.

A cikin kwangilar kuma a rubuta kayan gyara na shekarun farko, da littattafan aiki, da horon makanikai. Zariya na nan kusa da cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT, ga tsofaffin ma'aikatan reluwe a Gusau da Ƙaura da suka san kowace kwana da kowace gada ta wannan layi, ga masu karatun injiniya a kwalejin Ƙaura. Watannin gwaji su ne kaɗai lokacin da injiniyoyin masana'anta ke nan suna kwance komai suna ɗaurewa, yaranmu su tsaya a gefensu da sifana a hannu tun ranar da aka sauke tarago na farko. In aka bar baƙin suka koma gida ba a yi haka ba, taragon da ƙofarsa ta fara ƙin rufuwa gefen tasha za a tura shi, a riƙa cire kayansa ana gyara 'yan'uwansa.